Ranar da Inna ta sake rangaɗa guɗa

Shekarun baya, tun ina saurayi ina kabu-kabu da moto, wato babur, tsakanin Dogon Kiriya da ƙauyukan da ke kewaye, wani abu ya faru a gidanmu wanda har gobe in na tuna shi sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai. Yau na ce bari in ba ku labarin, musamman ku da ke da tsofaffi a gida.

Mahaifiyata maguɗiya ce. A ƙauyenmu ba a kai amarya ɗaki, ba a raɗa sunan jariri, sai an aika an kira ta. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, waɗanda ke gona sai su ɗaga kai, su san an yi abin alheri a gari. Tata doguwa ce kuma, ba ta yankewa sai ita ta ga dama. Duk yayyena ita ta yi musu ranar aurensu. Ni ne auta, kuma tun ina ƙarami take ce min tawa sai an ji ta har birnin Dutsi.

Da tsufa ya zo sai asma ta kama ta, ciwon nan da tsofaffinmu ke ce wa huka. Abin ya fara da tari in ta daɗe a bakin murhu, daga baya ƙirjinta ya riƙa ƙara kamar an ɓoye ɗan tsako a ciki. Wata rana a wurin suna ta ɗauko guɗa, tana tsakiya sai ta sarƙe, ta koma tari har sai da aka riƙe ta aka zaunar. Tun ranar ba ta sake zuwa biki ba. Abin da ya fi ci mata rai, wasu matan suka daina shan ruwa da moɗarta, don suna zaton babban tari ne mai yaɗuwa.

Mu uku ne muka tashi neman mata magani, kowa da irin nasa. Gwaggona, ƙanwar marigayi babanmu, ta ce wannan ba ciwon likita ba ne, iska ce ta zauna mata a ƙirji, sai an yi mata hayaƙi. Wana, ɗan kasuwa a Dutsi, yana cikin samarin nan masu bin sunna da ba sa son ko jin kalmar bori, ya ce kada wanda ya kuskura. Ya shiga farmasi ya sayo abin shaƙa ya aiko. Inna ta karɓa ta sa masa albarka, ta jefa shi cikin kwallar kwanoninta ta rufe, don ta ji an ce wanda ya fara shaƙa ba ya bari sai ranar da aka kai shi kushewa.

Ni kuwa nawa maganin shi ne hani. Na ɓoye taɓaryarta, na ba maƙwabciya gugarta, na hana ta zuwa gona, na hana ta ko sharar tsakar gida. Ina dawowa daga aiki zan fara tambaya, yau kin tashi daga tabarmar nan? A ganina ni ne ɗa na gari. Ita kuwa ta koma kamar baƙuwa a gidanta, tana zaune tana kallon kaji.

A cikin haka aka sa ranar aurena, bayan kaka. Yarinyar 'yar wata ruga ce kusa da Sukukutane. Na saba ɗaukar ta da ƙwaryar nononta zuwa kasuwa, daga gaisuwa muka kai ga hira, daga hira magabata suka shiga. Da aka faɗa wa Inna ranar, ta yi addu'a, ta shiga ɗaki. Ba ta ce komai a kan guɗa ba, ni ma ban ɗauko zancen ba.

Ana tsakiyar damina gwaggo ta ga na fita aiki, ta zo da kaskonta da saiwoyinta. Ta rufe ƙofa da taga, ta lulluɓe Inna da zane, ta turara ta. Wallahi don so ta yi, ba don komai ba. Na dawo wajen la'asar na tarar da Inna ta dafa gwiwoyi da hannu biyu, wuyanta na lotsawa duk ta ja numfashi, leɓɓanta sun yi toka-toka, ko sunana ta kasa kira. Na ɗora ta a moto, gwaggo ta ɗaure ta a bayana da zane kamar goyo, na ja. Yadda na ratsa yashin nan da ruwan da ya kwanta a hanya har gidan likita na Dogon Kiriya, ni kaina ban sani ba. Suka sa mata wani abu a hanci da baki, suka yi mata allura, a hankali numfashi ya riƙa sauka. Gwaggo ta iso daga baya a amalanken jaki, tana kuka tana cewa ita ta kashe matar yayanta.

Washegari da hantsi wata likita ta shigo, mace, ba ta girme ni da yawa ba. Ta tuɓe takalmi ta zauna kan tabarmar Inna, suka gaisa kamar 'ya da uwa. Ta tambaya ko an taɓa ba ta abin shaƙa. Inna ta ce akwai, ta ma taɓa gwada shi a ɓoye da abin ya matsa mata, amma ba ya aiki. Likitar ta miƙa mata irinsa ta ce ta nuna yadda take yi. Inna ta ɗaga mayafi, ta fesa shi a ƙirji a kan riga, ta murza da tafin hannu. Ta ce ai nan ne ciwon yake.

Na fashe da dariya. Likitar ba ta yi ba, sai ta juyo ta miƙo min ta ce to ɗan gari, nuna mata yadda ake yi. Na gyara tsayuwa, na buɗe baki na fesa a harshe, na haɗiye, ɗaci ya turnuƙe ni na hau tari. Nan Inna ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin ciwon.

Sai likitar ta yi mata wata tambaya da babu wanda ya taɓa yi mata cikinmu.

"Inna, in numfashin ga ya dawo, mi kike so ki fara yi da shi?"

Inna ta dube ni, ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Guɗa, ɗiyata. Auta na aure bayan kaka."

Na yi caraf na ce a'a, mu dai ta rayu ya ishe mu, guɗa ba dole ba ce. Likitar ta ce min a hankali, ba ni ta tambaya ba. Ta gaya wa Inna cewa ba za ta yi mata alkawari ba, amma in ta yarda su biyu za su kama aikin tare, kuma mafi yawansa a hannun Inna yake, ba a hannun likita ba.

Ranar ta nuna mana abin shaƙa iri biyu. Mai ruwan ƙasa na kullum ne, safe da yamma, ko da lafiya ko ba lafiya, shi ke hana ciwon tashi. Shuɗin kuwa na lokacin da ƙirji ya fara matsewa ne. Ta ɗauko wankakkiyar gorar ruwa ta roba da aka huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, ta ce a girgiza, a fesa a cikin gorar, Inna ta kama bakin gorar da leɓɓa ta yi ta numfashi a natse. Yatsun Inna sun yi tauri, ba ta iya danna shi da hannu ɗaya, sai suka yi ta gwadawa har suka gano in ta ɗora gorar kan gwiwa tana iya dannawa da manyan yatsu biyu. Da Inna ta kawo zancen cewa an ce yana kama mutum, likitar ta dubi jan bakinta ta ce goron da take ci shi ne mai kama mutum, wannan ba ya kamawa. Ta kira gwaggo ciki ta faɗa a gabanta cewa ciwon ba ya yaɗuwa, kowa na iya sha da moɗarta, kuma hayaƙi kowane iri abokin gabansa ne. Ta ƙara da cewa in Inna ta shaƙi shuɗin bai saki ba, ko ta kasa ƙare magana ba tare da ta yanke ba, kada a tsaya shawara, a kawo ta.

Ban ga ta ba Inna dogon umarni ba. Cewa ta yi ita Inna ta riƙa lura da kanta, mi ke tayar mata da abin, ta zo ta ba ta labari ranar kasuwa. Ashe duk ranar kasuwa tana tara tsofaffi masu irin ciwon ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya, a bayan gidan likitan. Ni ke kai Inna, in jira ta a gefe. Kowa ya faɗi yadda ya kwana, kowa ya shaƙa a gaban 'yan'uwa su gyara masa, sannan kowa ya zaɓi abu guda da zai yi kafin kasuwa ta zagayo.

Inna ta kama abin kamar 'yar lakwal, wato makaranta, mai son zama ta ɗaya. Wannan kasuwa ta zo da rahoton ɗanyen itace, ta gaba ta zo da na maganin sauro na kunnawa, wata ta ce ƙurar harawa, wata ta ce turaren wuta. Da bakinta ta sa na fitar da murhu daga ɗaki zuwa rumfa, ta koyi zama ta inda iska ke fitowa. Ta sa na sayo gidan sauro. Ta kuma sa na je na karɓo gugarta, ina tafe ina jin kunyar maƙwabciyar. Ta fara da takawa zuwa rijiya, daga baya ta kai masallacin bakin gari, daga baya gonarta ta wake.

Ba a tafi sumul ba. Da ta ji sauƙi sosai sai ta ajiye mai ruwan ƙasa, wai ta warke. Ba a jima ba tari ya dawo. Ta je ƙarƙashin bedi tana sunkuyar da kai, ta faɗi abin da ta yi. Wani tsoho makiyayi da ke cikinsu ya ce kada ta damu, shi ma ya yi, kuma shi sai da aka kawo shi a kwance. Likitar ta tambaye ta wane abu ne ba ta taɓa mantawa safe da yamma. Inna ta ce salla. Daga ranar abin shaƙar ya koma cikin jakar carbinta, tana sallame asuba da magariba sai ta shaƙa, ta kurkure baki da sauran ruwan buta.

Da aka fara yankan gero, wata safiya ta ce in tada moto in kai ta daji. Na ce wane daji kuma? Ta ce inda ba kowa, ba ta so a ji ta tana kuskure. Muka bi hanyar Sukukutane har muka bar gonaki, muka tsaya cikin sabara. Ta gyara ɗaurin zane, ta kama hanci. Abin da ya fito, ku yi min afuwa, kamar kazar da aka taka wa ƙafa. Ta harare ni tun kafin in yi dariya. Muka riƙa komawa lokaci lokaci, in na sauke fasinjan safe. Kullum tana ƙara tsawo kaɗan, in ta ji maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi sai ta ce ya isa, mu tafi.

Wata rana ta ɗauko guɗar, sai na ji ta miƙe, ta hau, ta ƙi sauka. Shanun da ke kiwo can nesa suka ɗaga kai gaba ɗaya. Ban san lokacin da na saki moto ta faɗi cikin yashi ba, ina tsalle ina tafi. Ba mu ankara ba sai ga mata daga wata ruga da ke bayan tudu, suna sauri suna tambaya wa ya haihu. Inna ta ce ba kowa, gwaji take yi. Suka yi ta dariya, suka kawo mana nono. Ashe ɗaya daga cikinsu 'yar'uwar amaryata ce, kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama ko'ina, maguɗiyar ƙauyenmu ta dawo. Daɗi ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, don yanzu kowa zai zo ne da kunne a buɗe.

Ranar biki Inna ce ta tsara komai. Ta fito da safe ta duba inda iska ke kaɗawa, ta sa aka kai manyan tukwane bayan gida. Gwaggo ta naɗa kanta dogari, duk wadda ta shigo da garwashi sai ta koro ta. Wana ya zo daga Dutsi ya ce ba kiɗa a gidan nan, amma zancen guɗa bai ce komai ba. Ni kuma a al'ada gidan abokina ya kamata in zauna ina kunya irin ta ango. Ina fa. Ina maƙale a bayan danga da babbar rigata ina leƙe ta rami.

Motar amarya ta kafe a yashi, ba su iso ba sai da rana ta yi sanyi. Mata suka cika gida. Abin da ba mu yi tunani ba shi ne dangin amarya, babu wanda ya gaya musu. Sun sauko da kaskonsu na turaren wuta yana ci, cikin cunkoso suka wuce gwaggo, suka ajiye shi a ƙofar ɗakin amarya, daidai inda Inna ke tsaye. Kowa ya zuba mata ido. Inna ta ɗaga hannu zuwa hanci, ta ja numfashi, sai na ga ta sauke hannun. Ta juya ta ratsa mutane ta fita waje.

Na zagayo da gudu, rigata ta kama danga ta yage. Na same ta zaune gindin itace a ƙofar gida, ta ɗan sunkuya gaba, ƙirjin na ƙara ƙasa-ƙasa. Na ce ta tashi mu tafi likita yanzu yanzu, ina neman makullin moto.

"Zamna, auta," ta ce. "Bar ni in yi abin da anka koya min."

Ta buɗe jakar carbi a gaban kowa, matar da a da take ɓoye abin nan cikin kwalla. Gwaggo ta durƙusa ta girgiza mata shuɗin, ta riƙe gorar. Inna ta danna, ta yi ta numfashi ido a rufe, ta dakata, ta sake. Ni ina tsugune ina kallon wuyanta. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido ta dube ni.

"Saurara ka ji. Ga ni ina yi maka magana tun daga farkonta har ƙarshenta, kuma ba ta yanke ba. In da ta yanke, da ni da kaina zan ce ka tada moto."

Sai ta fara ba da umarni daga zaune. A kashe kaskon, a buɗe ɗakin ya sha iska, a shimfiɗa wa amarya tabarma a tsakar gida. Gwaggon amarya ta fito tana ba da haƙuri, Inna ta ce ba laifinsu ba ne. Aka zauna jira. Wasu suka fara cewa a samu wata ta yi guɗar, rana na faɗuwa. Wanda ya hana shi ne wana, mutumin da ba ya son hayaniyar biki. Ya ce babu wadda za ta yi, a jira ta, in kuma ta ce yau ba za ta iya ba, to a kai amarya haka nan.

Ta sha ruwa, ta huta sosai, har na fara sakin rai cewa ta haƙura. Ana gab da kiran magariba ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta shiga gida a hankali. Ta tsaya a kan amarya, ta ɗora hannun hagu a kanta, ta kama hanci da na dama.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ta fara siririya, ta hau, ta yi ta hawa tana karkarwa, tantabarun da ke kan rumbu suka tashi gaba ɗaya. Na ce yanzu za ta sauka, ba ta sauka ba. Tsofaffin mata suka dafe baki. Da ta dire ta, gidan ya ɗauka, matan ruga da na gari kowa ya saki tasa, amarya na kuka cikin lulluɓi, gwaggo ta rungume Inna tana juyi da ita. Ni ango, da yagaggiyar riga, ina tsakiyar mata ina ihu ina cewa uwata ce, uwata ce! Wana ya juya ya fuskanci bango yana share ido da hularsa. Aka yi ta roƙon ta ƙara, ta ƙara wata gajeriya, ta ce ya isa haka, ta je ta yi alwala.

Ranar kasuwa ta gaba da kanta ta ba tsofaffin ƙarƙashin bedi labari. Na lura ba guɗar ta fi jaddadawa ba. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne yadda ta ji alamar, ta fita, ta zauna, ba ta firgita ba.

In na waiwaya yanzu, nakan ga dukanmu muna son ta, amma kowa ya yanke mata hukunci ne ya kawo. Ni na ɗauka kula da tsoho shi ne ka karɓe masa komai ya huta. Ashe in ka karɓe komai, har da dalilin shan maganin kake karɓewa. Inna ba ta riƙe maganin nan safe da yamma don tsoron mutuwa ba, ta riƙe shi ne don akwai abin da take so ta yi da numfashinta, kuma an samu wadda ta tambaye ta, ta saurari amsar, ta yi ta bin ta a hankali har ta iya da kanta. Ciwon bai tafi ba, yana nan, wata shekarar ma sai da muka sake kwana gidan likita. Amma ita ke riƙe da shi yanzu.

Ta tsufa ƙwarai, ba ta zuwa biki sai na jini. Kwanan baya na kai mata 'yata ta fari, wadda ko firamare ba ta gama ba. Ta jawo ta jikinta tana duba kitsonta, ta ce mata, "Ki yi lakwal ɗinki har ki ƙare, kada kowa ya sa ki gaggawa. Ina nan, ina jiran taki guɗar."